Katako na Ɗaya Ya Ɓata

Da safiyar Lahadi aka gano katakon ya ɓata, kuma kafin shinkafar rana ta nuna, garin Hinodani ya gama yanke hukunci cewa Marina ce.

Haka mutanen garinmu suke. Gidaje arba'in ne a maƙale tsakanin duwatsu biyu, kowa ya san abin da maƙwabcinsa ya dafa, idan kuwa abu ya ɓata ba a wahalar da kai, sai a waiwayi wanda ya zo daga baya. Marina Oshiro a Burazil aka haife ta. Kakanninta 'yan ƙasar nan ne, fuskarta irin tamu ce, shekararta bakwai tana buga zanen hoto a takarda da sassaƙaƙƙen katako a gidan bugu na Uwargida Tokiwa, amma har yau in ta wuce sai ka ji an ce ga baƙuwar nan.

Tokiwa ba ta son 'yan sanda a ƙofar gidan da kakan mijinta ya kafa, saboda haka ta kira Genzo Kuwata. Shekara talatin Genzo ya yi yana ɗan sandan ƙauyen, da ya ajiye aiki sai ya koma bin sawun aladun daji masu ɓarna a gonakin shinkafa. Mutum ne mai tafiya kansa a ƙasa kamar wanda ya yar da allura, har yara na kwaikwayonsa. Ya iso da lema a hannu, don damina ce, ruwa bai ɗauke ba tun jiya.

Ya tarar da Tokiwa a durƙushe kan tabarma, fuskarta kamar ba jini. Gefenta wani mutum ne mai kwat, Hoshino, dillalin zanen hoto da ya zo daga Tokyo.

"Gen-san, ka taimake ni," in ji Tokiwa, tana haɗa sunansa da "san" na girmamawa. "Katako goma sha biyu ne na zanen Madam Ilse, Baturiyar nan 'yar Holan. Kowane launi da katakonsa. Na ɗaya shi ne mai baƙaƙen layuka, shi ne ƙashin bayan zanen. Shi ne babu."

"An gama bugawa?"

"An gama. Guda hamsin. Gobe da tsakar rana za a tsaga katakon."

Genzo ya ɗago kai. "A tsaga shi? Da gangan?"

Hoshino ya gyara zama, ya yi bayani da irin muryar da ake yi wa ƙauyawa magana. Waɗanda suka sayi zanen a Turai da Amurka, an yi musu alkawari cewa hamsin ne kaɗai a duniya. Don haka idan an gama, sai a ja wuƙa a kan katako na ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa, a gaban shaidu, a ɗauki hoto a aika musu.

Abin ya yi wa Genzo banbaraƙwai, kuma da gaskiyarsa. Mu a nan katako ajiye shi ake yi. Akwai katakan da aka sassaƙa tun kafin a kawo jirgin ƙasa, har yau ana shafa musu tawada suna aiki. Amma aikin gida ya ja baya, masu zane na ƙasashen waje ne ke riƙe da gidajen bugu yanzu, kuma da al'adarsu suke zuwa.

"Wanda ke da katakon nan, in ya iya bugu, zai buga nasa a ɓoye ya sayar," in ji Hoshino. "Mutum nawa ne suka iya bugu a garin nan?"

Tokiwa ta sunkuyar da kai. Mutum ɗaya ce.

"Ni ba na zargin kowa. Amma idan tsakar ranar gobe ta yi babu katako, zan kira 'yan sandan birni. Ba ni da wata hanya."

Kowa a ɗakin ya san abin da hakan ke nufi. Sana'ar nan 'yar ƙarama ce, masu yinta duk sun san juna. Ko da ba a kama Marina da komai ba, muddin sunanta ya haɗu da na 'yan sanda, ba gidan da zai sake miƙa mata takarda ta buga har ta mutu.

*

Ɗakin ajiya yana bayan gida, ba a kulle shi, don tunda aka gina shi ba a taɓa ɗaukar ko tsintsiya ba. Jiya Asabar da rana duk gari yana zauren taro ana walimar karrama Madam Ilse, ba mai ganin mai shiga ko mai fita.

Katakai goma sha ɗaya suna jingine a kan kanta, kowanne a naɗe cikin jarida, da lambarsa a rubuce da fensir a goshin ƙunshin. Tsakanin bango da na biyu akwai gurbin da babu komai.

Hoshino ya nuna wani tabo a jikin jaridar. "Mai ne wannan. Masu bugu ba su rabuwa da mai a hannu, da shi suke shafe abin murza takarda."

"Masassaƙa ma da shi suke shafe wuƙa," in ji Genzo. "Matata ma shi take sa wa gashinta. Ko ita za mu kama?"

Hoshino bai yi dariya ba.

Genzo ya tsuguna yana duban ƙunshin ɗaya bayan ɗaya, bai taɓa ko guda ba sai da ya gama kallo. Naɗin mai kyau ne, na hannun da ya saba. Amma a kusurwar kowane ƙunshi takardar ta yi lanƙwasa biyu: an buɗe ta daidai shigar yatsu, an mayar an ninke. Duka goma sha ɗayan haka suke, tun daga na goma sha biyu da ke bakin ƙofa har zuwa na biyu.

"Wa ya naɗe su?"

"Marina," in ji Tokiwa. "Ita ta rubuta lambobin ma."

Genzo ya fita waje. Ruwa ya wanke ƙasa tas, ko sawun kaza babu. Sai dai katangar dutse da ta bi gefen hanya, wadda gansakuka ta lulluɓe ta kore shar, tana da wani siririn layi daidai ƙugun mutum inda gansakukar ta goge. Layin ba na jiya ba ne kaɗai, an daɗe ana yinsa. Genzo ya tsaya yana kallonsa har ruwa ya fara shiga wuyan rigarsa.

*

Idan kana son labarin Hinodani, kantin Inna Sumie za ka. Tana sayar da waken suya da gishiri da batir, labari kuwa kyauta take bayarwa, har da gyara.

"Gen-chan!" in ji ta, don ta girme shi da shekara shida, kuma ba ta yarda ya manta ba. "Wai ni me ya kai ka aske gashin bakin nan? Wata guda ke nan ina kallonka, har yanzu kamar dafaffen ƙwai."

"Jikata ce ta ce yana sukarta. Inna, jiya wa kika gani?"

Ta rage murya, ko da yake ba kowa a kantin sai kyanwa. Ta ce ta dawo daga walima ɗaukar ƙarin kofuna, sai ga Marina ta fito ta bayan gidan Tokiwa, rungume da wani abu mai faɗi a ƙirji, tana kare shi daga ruwa da rigarta. Girmansa daidai katako.

"Da idona na gani. Ni ba na ƙin yarinyar, tana gaishe ni. Amma ka san wanda ba a nan aka binne cibiyarsa ba."

"Sai wa kuma?"

"Mai kwat ɗin nan. Sau uku yana zagaya ɗakin ajiya, waya a hannu, yana waige-waige kamar ɓarawon kaji."

Wannan ya ɗan ɗaga wa Genzo kunne. Dillali ya fi kowa sanin inda ake sayar da zanen ɓoye. Ya koma bayan ɗakin ajiya ya tarar da guntayen taba uku a gindin wani dutse, ya hau dutsen, ya ciro tasa tsohuwar wayar. Sai ga ta ta kama. Ashe duk faɗin unguwar, nan ne kaɗai waya ke samun layi. Bawan nan ba sata ta kai shi ba, matarsa yake nema a Tokyo. Genzo ya sauko yana tsaki, gwiwarsa na ƙara.

*

Marina tana ɗakin bugu ita kaɗai, zaune a gaban ɗan teburinta mai gangare. Mace ce 'yar shekara talatin da biyar, mai kaurin damtse irin na masu wannan aiki. Ba bugu take yi ba, goge burushi take, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai shirin tafiya.

"Marina-san, me kika rungumo jiya?"

Ta miƙa hannu ƙarƙashin tebur ta jawo alluna biyu a ɗaure. Ta kwance. A tsakaninsu ɓawon gora ne, faffaɗa, an danne shi ya miƙe. Da shi ake naɗe ɗan faifan da ake murza bayan takarda a kan katako, kuma a wannan watan kaɗai gora ke zubar da shi. In ruwa ya kwana a kansa ya lalace.

"Shi ya sa kika bar walima?"

"Shi ya sa."

"To me ya hana ki faɗa wa Tokiwa?"

"Ba ta tambaye ni ba. Ba wanda ya tambaye ni komai. Sun daina kallona ne kawai."

Ta faɗi haka ba kuka ba fushi, kuma wannan ya fi kukan taɓa zuciyar Genzo. Ya zauna a bakin dakali.

"Ke kika rubuta lambobi a ƙunshin nan. Idan kina son na ɗaya, ya za ki yi?"

"In ɗauka mana. Ga lamba."

"Ni ma haka na gani. To wanda ya ɗauka sai da ya buɗe duka goma sha ɗayan, ya zura yatsa a kowanne."

Hannunta ya tsaya a kan burushin. Ɗan lokaci kaɗan ne, amma wanda ya saba jiran motsin ciyawa ba ya rasa irin wannan.

"Kin san ko wane ne," in ji shi.

"Ban san komai ba, Kuwata-san."

"Gobe za a kira 'yan sanda. Kin san abin da zai biyo baya."

"Na sani." Ta ci gaba da goge burushinta. "Lokacin da na zo garin nan ban iya riƙe komai ba. Wata shida ana ba ni shara da wanke kwanoni. Mutum ɗaya ne ya ce a bar yarinyar nan ta taɓa katakonsa, in ta ɓata shi zai sassaƙa wani. Na ɓata kuwa, har biyu. In an ce ni ce, a bar shi a ni ce."

Genzo ya fito ransa a jagule. Ya fi son aladun daji, su ba sa rufa wa kowa asiri.

*

Ya koma wurin katangar ya sa yatsunsa a kan layin da ya goge, ya bi shi. Layin ya bi gefen hanya, ya tsallake 'yar gada ta kan ƙarfen riƙewa da ya yi sheƙi a gefe ɗaya, ya kama shingen gora, ya hau tudu. Tun kafin ya kai ƙarshe ya san ƙofar da zai tsaya.

Tatsuji Moriya ne masassaƙin gidan Tokiwa, shekara sittin yana wannan aiki. A aji ɗaya suka zauna da Genzo a makarantar firamare, tare suka sha bulalar satar kankana. Shi ya sassaƙa katakan Madam Ilse. Zanen na masunta ne suna jan taru a bakin kogi, kuma zaren tarun nan siriri ne kamar gashin jariri, dubbai, kowanne sai da aka rage katakon, na itacen ceri, ta gefe da gefe aka bar shi a tsaye. Wata tara ya yi a kan na ɗaya kaɗai. Ranar da Hoshino ya faɗi maganar tsagawa, a gaban kowa Tatsuji ya ce, "Katako ne kawai." Shi ya sa ba wanda ya kawo shi a rai. Walimar jiya ma bai je ba, cewa ya yi bayansa na ciwo.

Genzo ya same shi zaune a baranda yana fuskantar ruwan sama.

"Wa nake ji kamar Gen? Tafiyarka ta tsohon jaki ba ta ɓuya."

"Bayan naka ya yi sauƙi?"

"Da sauƙi. Zauna in ba ka shayi, matar gidan ta tafi wurin 'yarta."

Ya jawo buta da kofuna. Genzo yana kallo. Tatsuji ya ɗora ɗan yatsansa a leɓen kofin ta ciki, ya zuba, sai da zafi ya taɓa yatsan ya tsaya. Ya miƙo kofin, amma ya miƙa shi ɗan hagu da inda Genzo yake.

Suka taɓa hirar aladu da ta ruwa. Can Tatsuji ya juyo ya dube shi sosai, ido cikin ido, ya yi murmushi.

"Kai dai har ka mutu ba za ka aske wannan gashin bakin naka na bunsuru ba."

Genzo ya dube shi. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai tsawon hannu ba, da rana tsaka. Ya shafa leɓensa da ba ko gashi ɗaya, tausayi ya cika shi.

"Tatsu," in ji shi daga baya, "gari ya ce Marina ce ta ɗauki katako."

"Surutun banza. Ba su da hujja. Kwana biyu za su yi su manta."

"Gobe da tsakar rana mutumin Tokyo zai kira 'yan sandan birni. Tana can tana haɗa burushinta."

Tatsuji ya ajiye kofinsa. Ruwa na zuba daga indararo.

"Ta ce ba ita ba ce ai?"

"Ta ce a bar shi a ita ce."

Tsohon ya juya fuskarsa ga ruwan. Genzo ya ajiye kofin ya miƙe. Da gidan wani ne daban, da ya ɗaga tabarmar ɗakin ya fito da abin da ya zo nema, ya san ma kusurwar da zai ɗaga. Amma akwai abin da in ka ƙwace shi a hannun mutum, ka gama da shi.

"Ƙarfe sha ɗaya za mu taru a ɗakin bugu," in ji shi. "Ka bi a hankali, gadar da santsi."

*

Washegari ruwa ya ɗauke. Aka taru a ɗakin bugu: Tokiwa, Hoshino da na'urar ɗaukar hotonsa, Madam Ilse, doguwar mace mai furfura da ke zaune a takure don ba ta saba da tabarma ba, sai Marina can kusa da ƙofa. Inna Sumie ba a gayyace ta ba, amma ta kawo wainar shinkafa, ta kuma ƙi tafiya. Wasu maƙwabta suna leƙe ta taga.

Ƙarfe sha ɗaya ta wuce da kwata, babu Tatsuji. Genzo ya dubi hanya sau uku. A na huɗu ya hango shi yana gangarowa, hannu ɗaya a jikin katanga, ɗayan rungume da ƙunshin kayan aikinsa a cikin shuɗin ƙyalle. Ya shigo ya gaida mutane ya zauna a wurinsa na kullum, ƙunshin a kan cinya.

Genzo ya sa aka kawo katakai goma sha ɗayan aka jera.

"Abin da Inna Sumie ta gani a hannun Marina-san ɓawon gora ne, ga shi can. Hoshino-san kuma waya ce ta kai shi bayan ɗaki." Hoshino ya yi tari. "Yanzu ku dubi kusurwar ƙunshin nan. Kowanne an buɗe, an zura yatsu, an mayar. Ga lamba ɓaro-ɓaro a goshin kowanne. Wadda ta rubuta lambar ba ta bukatar buɗewa. Duk mai karatu ma ba ya bukata. Wanda ya shiga ɗakin nan da yatsunsa ya nemi katakon, kuma da ya taɓa ya gane shi. Ɓarawo kuma ba ya tsayawa ya ninke takarda don kada danshi ya shiga."

Ya tsaya nan. Bai kalli kowa ba, ya kafa ido a tabarma yana jira, kamar yadda yake jira a bakin daji.

"Ni ce," in ji Marina daga bakin ƙofa. "Duhu ne a ɗakin, ban ga lambar ba. Na jefa shi a kogi. Ku kira su."

Inna Sumie ta buɗe baki za ta ce dama ta faɗa.

"Ke, rufe mana baki," in ji Tatsuji. Ba da Sumie yake ba, da Marina yake. "Shekara bakwai ina koya miki, har yau ba ki iya ƙarya ba. Wane duhu da tsakar rana?"

Ya kwance shuɗin ƙyallen. A ƙarƙashin wuƙaƙensa ga katakon, baƙi wuluk da tawada, zaren tarun na ƙyalli.

Ba wanda ya yi motsi.

"Idona ya tafi," in ji shi, a hankali, kamar mai ba da labarin wani. "Shekara biyu ke nan yana tafiya. Rabin tarun nan da ido na sassaƙa shi, rabin da yatsa. Yanzu ko fuskar matata ba na gani, sai inuwa. Ban faɗa wa kowa ba, don masassaƙi makaho sunansa tsoho kawai. Yarinyar nan ta gane tun bara. Inda wuƙata ta kauce, sai ta rage nauyin hannunta a wurin bugu don kada ya fito. Ba ta taɓa ce mini komai ba, ni ma ban taɓa ce mata na gode ba."

Ya shafa katakon da tafin hannu.

"Wannan ne na ƙarshe. Ba zan sake yin wani ba. Na ce katako ne kawai, ƙarya nake. Da na ji kowa ya tafi walima, sai na ce bari in je in taɓa shi sau ɗaya. Da na taɓa, na kasa ajiyewa. Wannan ba komai ba ne, tsufa ne. Abin kunyar shi ne jiya da safe na ji abin da ake faɗa a kanta, na yi shiru. Na ce ai za a manta."

Ya juya inda ya ji muryarta, ya dafa hannuwansa biyu a tabarma, ya sunkuya har goshinsa ya taɓa ƙasa. Dattijo mai shekara saba'in da takwas, a gaban mutanen gari, yana sunkuya wa baƙuwar nan. Masu leƙen taga suka janye kawunansu. Inna Sumie ta dubi wainarta kamar yau ta fara ganinta.

"Maigida, tashi," in ji Marina, hawaye na zuba. "Don girman iyayenka ka tashi."

Hoshino ya fassara wa Madam Ilse abin da aka ce. Matar ta rufe baki da hannu, ta yi magana da sauri. Hoshino ya amsa mata, suka yi ta ja, har ya cire tabarau ya goge. Sannan ya juyo, kuma a karon farko muryarsa ta zama ta mutum.

"Ta ce a bar masa katakon. Ni ma da nawa ne da na bar masa. Amma mutum hamsin aka yi wa alkawari da sa hannun gidan nan. In ba a tsaga ba, ba wanda zai sake kawo wa gidan Tokiwa aiki daga waje."

"Ba sai ka faɗa ba, ɗana," in ji Tatsuji. "Aikin waje shi ne aikin yarinyar nan na shekara talatin masu zuwa. Na ci mata kwana biyu, ba zan ci mata sauran ba. Amma ba mai sa wa katakona wuƙa sai ni."

Ya laluba ya zaro wuƙarsa, 'yar ƙarama mai ƙotar da ta lotsa daidai babban yatsansa. Ya ɗora katakon a kan teburi, ya riƙe wuƙar a tsaye cikin dunƙulen hannu yadda masassaƙa ke yi. Sai hannun ya tsaya a sama. Ya matsa dama, ya dawo hagu. Genzo ya gane abin da ke faruwa, ya kawar da kai: Tatsuji yana son layin ya tafi daga kusurwa zuwa kusurwa a miƙe, kuma ba ya ganin kusurwar da zai dosa.

"Marina," in ji tsohon. "Zo ki riƙe mini hannu. In za a ɓata shi, a ɓata shi da kyau."

Ta taso ta durƙusa a gefensa. Ta goge fuskarta da hannun riga, ta kama dunƙulen hannunsa da nata biyu, ta kai bakin wuƙar kusurwar sama ta ajiye.

"Nan ne, Maigida."

"To ja mu je. Kada ki yi sauri."

Wuƙar ta shiga. A cikin shirun ɗakin ana jin layukan tarun suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, ƙas, ƙas, ƙas, wata tara na aiki, har bakin wuƙar ya fita ta ɗaya kusurwar. Hoshino yana riƙe da na'urarsa a ƙirji, sai da Tokiwa ta taɓa shi ya tuna ya ɗauki hoton.

Tatsuji ya bi tsagar da ɗan yatsa tun daga sama har ƙasa.

"Ya miƙe?"

"Ya miƙe, Maigida."

Ya goge wuƙar da ƙyalle, ya juya ta, ya miƙa mata ta wajen ƙota. Marina ta sa hannu biyu ta karɓa.